Gudun Da Ba A Rubuta A Kwali Ba

A ranar 24 ga Agusta, 1998, kamfanin Intel ya fito da sababbin furosesa kasuwa, biyu daga cikinsu kuma suka bar tarihi. Ɗaya shi ne Pentium II mai gudun megahaz 450, sarkin kasuwar wancan lokaci, a kan dala 669. Ɗayan Celeron 300A ne, na masu ƙaramin ƙarfi, a kan dala 149. Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa in ka ɗora ƙaramin a kan madabod mai kyau, ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka canza lamba ɗaya tak daga 66 zuwa 100, zai tashi da megahaz 450, ya riƙa gogayya da babban a yawancin ayyuka. Ba a ƙara masa komai ba, ba a sayi komai ba. Gudun yana cikinsa tun daga masana'anta, kwalin ne kawai bai faɗa ba.

Wannan aiki shi masu harkar ke kira obakulokin, wato tura furosesa ya zarce gudun da aka rubuta masa, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Furosesa ba ya motsi sai da bugun agogo; megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa. Madabod ke ba da bugun tushe, furosesa ya ninka shi da wata lamba tasa. Lambar ninkin Celeron 300A huɗu da rabi ce, daidai da ta Pentium II ɗin nan mai tsada. Bambancinsu a tushe yake: ƙaramin an ɗaure shi a 66, babban an sake shi a 100. Huɗu da rabi sau 66 ya ba ka kusan 300, sau 100 kuma 450. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne ɗan rumbun ajiyar da furosesa ke aje abin da zai buƙata nan take. Na Pentium II babba ne, kilobayit 512, amma a wajen ƙwayar furosesan yake, da rabin gudu kuma yake tafiya. Na Celeron 128 ne kacal, sai dai a cikin ƙwayar aka gina shi, don haka duk inda gudunta ya kai, rumbun ya bi ta.

Me zai sa kamfani ya sayar da abu ƙasa da ƙarfinsa? Amsar tana tsakanin masana'anta da kasuwa. A kan faranti guda na silikon ake buga ƙwayoyi masu yawa da zane iri ɗaya, amma ba sa fitowa daidai wa daida. Wata tana jure gudu da ɗan lantarki kaɗan, wata sai an ƙara mata, wata kuma ta shara ce. Sai a gwada su a ware, kamar yadda ɗan goro ke kwance huhu ya tsince marsa gefe, minu gefe, kowanne da kuɗinsa. To idan masana'anta ta ƙware, kusan duk abin da ke fitowa marsa ne, alhali masu neman na araha sun fi yawa. Kamfani ba zai bari su tafi wurin abokin hamayya ba, ba kuma zai karya farashin babban ba. Sai ya ɗebi masu kyau ya rubuta musu ƙaramar lamba. Ban da wannan, akwai rarar da ake bari da gangan, domin lambar da ke kwali alkawari ce: ko a ɗaki mai zafi, ko da fanka mai araha, ko bayan shekaru, wannan abu zai yi wannan gudu ba kuskure. Mai ƙara gudu wannan rarar yake ci, kuma daga ranar da ya ci ta, alkawarin ya dawo wuyansa, garanti ya tashi.

Abin bai fara da Celeron ba. Tun 1984, da IBM ya fitar da kwamfutar AT mai megahaz 6, mutane suka gano za su iya zare ɗan lu'ulu'un da ke ba da bugu su sa wani mai sauri, ta koma 8. IBM ya sa BIOS ta riƙa auna gudun, ta ƙi tashi in an taɓa. A zamanin 486 da Pentium na farko da jomfa ake saita gudu, wasu 'yan robobi da ake kifawa a kan allurai biyu a jikin madabod, mutum na riƙe da littafin madabod a hannu ɗaya da tocila a ɗayan. Daga baya kamfanin Abit na Taiwan ya mayar da saitin cikin BIOS, kuma madabod ɗinsa mai suna BH6 shi ya zama abokin tafiyar Celeron 300A.

Mu nan labarin a makare ya iso mana, yadda kayan ma suke isowa. A farkon shekarun 2000, kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da kafe-kafen intanet na Kano iri biyu ne. Akwai tokumbo daga ofisoshin Turai da Amurka, masu tambarin Compaq, Dell ko HP, waɗanda BIOS ɗinsu ba ta ba ka damar taɓa gudu ko kaɗan. Akwai kuma kulon, waɗanda ake harhaɗawa da hannu, madabod daban, RAM daban, akwati daban, a sayo daga Ikeja ko titin Beirut. A kan irin na biyun kaɗai ake iya wannan aiki.

Ina yaron shago a lokacin, aikina kaɗe ƙura, sa Windows 98, da canza faifan da ya mutu. Wata kulon ta shigo mana a musaya, da na buɗe ta na ga Celeron 300A a zaune. Na riga na karanta labarinsa a wata tsohuwar mujallar kwamfuta ta Ingila, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi.

“Oga, ka bar ni in gwada a kan wannan?”

“In ta ƙone fa?”

“A cire a kuɗin watana.”

Ya dube ni ya ce, “Kuɗin watanka ba zai saye ta ba. Zo ka nuna min inda ake goge BIOS tukuna, sannan ka taɓa.”

Sai da na nemo masa allurai ukun da ke kusa da ɗan batirin madabod, na nuna yadda ake matsar da jomfa a mayar da komai yadda ya zo daga masana'anta, sannan ya koma kan aikinsa. Na kunna, na danna Delete, shuɗin allon BIOS ya bayyana. Na gangara kan 66 na mayar da shi 100, na adana, kwamfutar ta mutu don ta sake tashi. Tsakanin mutuwar nan da tashi akwai 'yan daƙiƙoƙi da fanka ke juyawa amma monita baƙi ƙirin, kuma duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san nauyinsu a ƙirji. Sai ƙara ɗaya gajera, alamar lafiya, rubutu ya fito, ga 450 a inda 300 ta saba zama.

Shafin Word bai buɗe da wani saurin a-zo-a-gani ba. A wasanni da matse fayil ne aka fi jin bambancin. Abin da ya canza sosai a kaina yake. Kafin ranar, kwamfuta a wurina abu ce da aka gama a wata ƙasa aka rufe, namu mu goge ta mu lallaɓa ta. Bayan ranar na san lambar da ke jikinta shawara ce da wasu mutane suka yanke a kan wasu dalilai, dalilan kuma ana iya fahimtarsu, a auna su, a ga inda suka shafe ka da inda ba su shafe ka ba. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa yaro yadda na'ura take ba.

Tashi kuwa ba shi ne nasara ba. Furosesan da aka tura ya wuce iyakarsa ba kullum yake daskarewa ba. Wani lokaci yana ci gaba da aiki, sai dai a cikin biliyoyin lissafi ya kuskure ɗaya, kuma ba zai gaya maka ba. Kuskuren na iya faɗawa a kan ɗigon hoton da ba mai lura, yana kuma iya faɗawa a kan kundin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa. Shi ya sa ake gwaji. Manhajar da kowa ya dogara da ita ita ce Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996 don farautar wasu manyan lambobi a fagen lissafi. Masu ƙara gudu suka karɓe ta saboda tana ɗora wa furosesa lissafi mai nauyi wanda an riga an san amsarsa. Da amsa ta kauce ko da ƙanƙani, sai ta tsaya ta yi ja. A kan bar ta ta kwana tana aiki, in wuta ta ɗauke kafin asuba kuma a sake daga farko.

Sannan bugun tushe ba na furosesa kaɗai ba ne. RAM na bin sa, don haka wadda aka yi don 66 ba lalle ta yarda da 100 ba. Hanyar PCI, wadda katuna da faifan ajiya ke kai, ita ma tana bin sa, an kuma tsara ta a kan megahaz 33. A 66 ana raba bugun biyu, a 100 ana raba shi uku, duk a dawo 33. Wannan ya sa tsallen Celeron 300A ya zo da tsabta. Wanda nasa ya kasa kai 100 ya tsaya a 75 ko 83, PCI ɗinsa ta haura 37 ko 41, a nan ne faifai ke fara rubuta shirme a ɓoye.

In furosesa ya ƙi zama, sai a ƙara masa lantarki, daga bolt 2.0 zuwa 2.1 ko 2.2, kuma wannan ba kyauta ba ne. Duk wutar da ƙwaya ta ci zafi take komawa. Zafin yana hawa daidai da gudu, amma da ƙarfin lantarki ya fi haka hawa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana jawo ƙarin zafi na kusan kashi 21. Haɗa wannan da ƙarin rabi na gudu, zafi ya doshi ninki biyu. Lantarki mai yawa kuma yana cin siraran hanyoyin da ke cikin ƙwayar sannu a hankali, ba a gani, ba kuma a gyarawa.

A kan zafi ne abin da na karanta ya rabu da abin da na tarar. Ƙarfen sanyaya da fanka ba sa haifar da sanyi. Zafi suke kwashewa su zuba wa iskar ɗaki, don haka zafin ɗakin ne ƙasan da ba za su iya wucewa ba. Marubutan mujallar suna gwaji ne a ɗakunan da ke zama a wajen digiri 20. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu na wuce 40, shago mai rufin kwano kuwa ba a magana. Saitin da ya zauna daram a Disamba sai ya fara faɗuwa da bazara ta kama. Hunturu ya kawo sanyi, amma ya kawo ƙurar da ke toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, har ka ga fanka na juyi ba iskar da ke ratsawa. Ga wuta mai zuwa da rauni, ga ta janareta mai hawa da sauka, ga akwatunan wuta masu araha da ba sa riƙe abin da aka rubuta a jikinsu. Rarar da Bature ke ci don nishaɗi, mu yanayinmu ya riga ya ci rabinta kafin mu taɓa komai. Muka koyi cire murfin akwati mu juyo masa fankar tsaye, muka koyi goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfe mu shafa sabo siriri, har muka riƙa aje saiti biyu a littafi, na hunturu da na bazara.

Ƙa'idar Oga ɗaya ce: ba a taɓa gudun kwamfutar kwastoma sai da saninsa, ba a kuma sayar da mai 300 da sunan mai 450. Ba maganar banza ba ce, don wannan ha'inci ya riga ya zama sana'a a duniya. A shekarun 1990 'yan damfara kan kankare rubutun da ke jikin Pentium su buga lamba mafi girma, su sayar da shi a farashin babba. Da wannan Intel ya kafa hujja ya kulle lambar ninki a 1998. Mutane da yawa sun ce fakewa da guzuma ce, kuma ba shakka kullen ya kare ribar kamfani. Amma ya kare mai saye irin namu ma, wanda ke sayen na hannu, ba rasit, ba hanyar tantancewa. AMD, abokin hamayyar Intel, shi ma ya kulle nasa, sai dai a 2000 aka gano cewa kullen Athlon da Duron wasu ƙananan gadoji ne a saman furosesan da aka yanke da hasken leza. Bakin fensir na ɗaukar lantarki. Sai mutum ya fere fensir ya ja layi a kan kowace gada, kulle ya buɗe, Duron mai 600 ya haura 800.

Shekarar 2000 ɗin nan ce kuma ta fara nuna inda aka dosa. A watan Maris AMD ya riga Intel kai wa gigahaz 1 da kwana biyu. Intel ya yi gaggawar fitar da Pentium III mai gigahaz 1.13, sai ga shi a watan Agusta ya janye shi daga kasuwa saboda ba ya zama daram. Kamfanin da kansa ya cinye rarar da ya saba bari. Pentium 4 ya ci gaba da hawa har 3.8, yana shan wat 115, alhali Celeron 300A bai kai wat 20 ba. A 2004 Intel ya soke mai gigahaz 4 da ya yi alkawari. Tun 1974 Robert Dennard na IBM ya bayyana cewa duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransista ana iya rage mata lantarki, gudu ya ƙaru zafi bai ƙaru ba. Shekara talatin wannan ƙa'ida na ciyar da masana'antar. Da tiransistoci suka yi ƙanƙanta ƙwarai sai suka fara yoyon lantarki ko ba sa aiki, ƙa'idar ta daina ci. Daga nan aka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas a furosesa guda.

Masu ƙara gudu sun ɗan sha iska a zamanin Core 2. Q6600 na 2007, mai gigahaz 2.4, tara sau 266 yake. In aka rufe wani ɗigo guda a ƙasansa da ɗan yankin salatif, madabod ɗin da ya san bugun 333 sai ya ba shi, ya koma gigahaz 3, ko da a kwamfutar ofis mai rufaffiyar BIOS. A ganina shi ne babban rabo na ƙarshe da ya faɗo wa mai ƙaramin ƙarfi.

A 2008 Intel ya kawo Turbo Boost: furosesa ya riƙa duba zafinsa da wutar da yake ci, in ya ga sarari ya ƙara wa kansa gudu, in ya yi zafi ya sauko. Aikin da muke kwana muna yi da littafi da biro, ƙwayar ta karɓe shi tana yi a cikin ƙiftawar ido. A Janairun 2011 kuma aka ɗaure bugun tushe da sauran sassan madabod ta yadda ɗagawa kaɗan ke rikita komai. Ƙofa ɗaya ta rage, lambar ninki, ita kuma a buɗe take sosai a furosesa masu harafin K kaɗai, kan madabod na musamman. Core i5-2500K mai gigahaz 3.3 ya kan kai 4.5 da fanka mai kyau, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Amma a nan al'amarin ya juya. Celeron 300A dabarar wanda ba shi da dala 669 ce. Harafin K kuwa sai wanda ya riga ya iya sayen na sama. Na araha, wanda mai shi ya fi kowa buƙatar ƙarin, shi aka fi kullewa. Wannan ya yi min ciwo a lokacin, har yanzu kuma yana yi. AMD ya buɗe lambar ninkin Ryzen a 2017, abin yabo ne, sai dai nasa furosesan ma sun koyi ƙure kansu da kansu.

Gasar kafa tarihi tana nan. A 2011 an kai wani AMD FX gigahaz 8.4, a ƙarshen 2022 kuma an tsallake 9 da Core i9-13900K, duka da ruwan hiliyom mai tsananin sanyi, na ɗan lokacin da zai isa a ɗauki shaida. Wasa ne mai ban sha'awa, amma ba ruwansa da mai son aikinsa ya gama da wuri. Labarin da ya fi faɗa min gaskiyar zamani shi ne na wani kamfani a Amurka mai suna Silicon Lottery, wanda sana'arsa sayen furosesa da yawa, ya gwada su, ya sayar da waɗanda suka fi gudu da ƙarin kuɗi. A 2021 ya rufe, yana mai cewa rarar ta ƙanƙance har sana'ar ba ta biya. A shekarar ce kuma Intel ya daina sayar da inshorar da yake yi wa masu ƙara gudu. Sai 2024, lokacin da manyan furosesan Intel na zubi na 13 da na 14, masu doshin gigahaz 6 da wat 253, suka riƙa faɗuwa a hannun mutanen da ba su taɓa saitin komai ba. Kamfanin ya amsa cewa furosesan na neman lantarki fiye da kima, ya fitar da gyara, ya ƙara garanti da shekara biyu, amma wanda ya riga ya lalace sai dai a canza shi. Haɗarin da a da mutum ke ɗauka da saninsa, ya zo a cikin kwali a rufe.

Ɗan ƙanwata yana tace bidiyon biki da 'yan gajerun fina-finai, ya tara kuɗi ya haɗa kwamfutar tebur ta zamani. Ya same ni ya ce, “Kawu, an ce a zamaninku kuna ƙara wa kwamfuta gudu. A yi wa tawa mana.”

Muka ɗora mata aiki mai nauyi muna kallon ma'auni. Da farko ta yi sama, cikin ɗan lokaci zafi ya haura digiri 90, gudu ya fara zamewa ƙasa da kansa.

“Ɗana, taka ta riga ta ƙure. Rage mata za mu yi.”

“Rage mata, Kawu? Ni da nake neman sauri?”

Muka rage mata lantarki taki ɗaya, muka gwada, muka rubuta, muka sake ragewa, har inda ta fara kuskure, sannan muka koma baya kaɗan. Da zafi ya sauka, ta daina zamewa, ta riƙe gudunta har aiki ya ƙare, fankoki suka rage ihu, batirin inbatansa kuma ya ƙara jimawa. Kamfani yana ba kowace ƙwaya lantarkin da zai ishi mafi raunin 'yan'uwanta, don haka rarar tana nan, ta koma ɓangaren wuta ne. Ga mai aiki da sola ko mai sayen man janareta, a garin da Afrilu ke wuce digiri 40, wannan rarar ta fi ƙarin megahaz ɗari amfani nesa ba kusa ba. Hanyar nemanta kuma ita ce dai ta da: canza abu ɗaya, gwada, rubuta, ka san yadda za ka koma gida kafin ka fita.

Ba na kukan cewa kwamfutocin da sun fi. Wayar da ke aljihun yaron nan ta fi duk abin da ke shagonmu ƙarfi. Abin da ke damuna shi ne ƙofar shiga. Yawancin yaranmu da waya da laftof suka fara, abubuwan da aka manne, ba jomfa, ba saitin gudu, wasu ko RAM ba a iya canza musu. Wanda ya haɗa babbar kwamfuta kuma ya zuba dukiyar da ba zai yarda ya yi karambani da ita ba, kuma da gaskiyarsa. A ina yaro zai ga da idonsa yadda gudu, lantarki da zafi ke jan juna, a kan abin da in ya ƙone ba a yi babbar asara ba?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar akasarin furosesan Intel da suka girmi zubi na 8. Kwamfutoci masu lafiya da yawa za su bar ofisoshi da gidajen Turai da Amurka, mun kuma san hanyar da irin waɗannan kaya ke bi. Yawancinsu na ofis ne masu rufaffiyar BIOS, amma a cikinsu ana tsintar waɗanda 'yan wasa suka haɗa da hannu, masu 2500K ko 3570K, da rararsu a jiki. Shagunan gyara da sassan koyar da kwamfuta na kwalejojinmu za su iya ware ɗaya ko biyu don koyo kawai, a sa musu Linux, a ba yaro littafi da biro da ma'aunin zafi. Na riga na roƙi masu kawo kayan da na sani a titin Beirut su aje min duk madabod irin na furosesa masu K, mai Z68 ko Z77, da ya faɗo hannunsu, yaran shagon ƙanena ne za su fara da su.